Ƙugiya Mai Gashin Zabuwa

"Inna, don mi Kaka yake yi ma kihi ƙarya?"

Lailatu na tsugune gaban murhu tana hura wuta lokacin da tambayar ta faɗo. Hayaƙi ya shige mata ido, amma ba shi ya sa ta sunkuyar da kai ba. Wanda ake maganarsa yana zaune bai fi taku biyar da ita ba, bakin zanan da ya raba tsakar gida da turken awaki, ya miƙe ƙafafu yana shan hantsi. Baba Sodangi ke nan, mahaifin mijinta. Shekara shida tana gidansa a Turba, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa ɗaga ido ta dube shi tsakar fuska ba.

"Ke, rufa min baki!" in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"To ba ke kinka ce mai ƙarya wuta za shi ba? Shi ko gashin zabuwa yake ɗaura ma ƙugiya, kihi ya zaci abinci na."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ku ji min amarya! Tun ba a kai ta ɗaki ba ta kai ƙarar miji gaban alƙali. To ke, na taɓa buɗa baki na ce ma kihi ga tuwo? Shi ya gani, shi ya taso. Kwaɗayinai ya kai shi."

"Ni ba ni son ka. Ba ka da haƙora."

"Yo da haƙora za ni aure ki?"

Mas'uda ta murguɗa baki ta koma cikin bargonta. Shekararta huɗu, kuma a wannan ɗarin bakin nan shi kaɗai ya rage mata da ƙarfi. Ƙyanda ta kama ta bayan girbin gero. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta, ya bar yarinya kamar tsinken tsintsiya. Ranar Talatar da ta wuce Lailatu ta goya ta zuwa ɗakin shan magani, inda Malama Maimunat, ma'aikaciyar lafiya, ta zagaya mata wani ɗan tef mai launi uku a damtse: kore, rawaya, ja. Tef ɗin ya tsaya can ƙarshen rawaya, kamar ka hura shi ya faɗa ja.

"Mako biyu na ba ki," in ji Malama Maimunat. "Ta ci abu mai gina jiki kullum. In kin dawo na ga ja, sai dai a kwantar da ku a asibitin Isa, ba ni da yadda za ni yi."

Lailatu ta gwada komai. Ta dama kunun gyaɗa, yarinyar ta kau da kai. Ta dafa ƙwai, ta ce wari yake. Wake kuwa ko kallonsa ba ta yi. Kalilu, mijin Lailatu, yana Maraɗi da lodin albasa, ba a sa ran dawowarsa sai wata ya mutu, kuma abin da yake iya yi ta waya bai wuce addu'a da tambaya ba. Abu guda ne ya taɓa wucewa maƙogwaron Mas'uda ba da faɗa ba: romon kawara, 'yan kifayen nan farare masu sheƙi da Baba Sodangi ke kawowa daga ƙorama. Ranar da ta fara sha, har ta lashe ludayi.

To amma kifin ɗari ba kowa ke samunsa ba. Ƙoramar da ke ɓallewa daga gulbin Bunsuru ta bi ta bayan gari takan janye idan damina ta yi nisa, ta koma siririya, sai 'yan gurabu masu zurfi nan da can. Ruwan ya kwanta, ya yi garau har kana ƙirga duwatsun ƙasansa, ga sanyi kamar na randar da ta kwana a waje. Kifi sai ya lafe ƙarƙashin saiwoyi, ba ya bin abinci da gudu. Samari masu jefa raga sukan zo da asuba su dama ruwan, su koma gida da ganye da ƙwaɗi. Tana kuma, tsutsar ƙasar nan da ake sa wa ƙugiya, ta nutse can ƙasa inda fartanya ba ta kaiwa.

Baba Sodangi shi ba ya fita da asuba. Yakan ce wanda ya je su da sanyin safiya a ɗari, mura ya je kamawa. Sai rana ta ɗaga ta fara taɓa ruwa yake saɓa doguwar sandarsa ta gora. Zaren da ke bakinta tsawonsa ɗaya da sandar, ba dalma, ba komai, sai 'yar ƙugiya ƙarama da ya ɗaura wa ɓarin gashin zabuwa. Tun yana saurayi ya ƙago abinsa, wata shekara da ya rasa tana ya zauna gindin gawo yana kallon abin da kifi ke ci. Mutanen gari sun yi masa dariya shekara arba'in, suna kuma aika 'ya'yansu karɓar kifi idan mai jego ta yi marmari.

A bana ƙugiya uku suka rage masa, waɗanda ya ɗaura bara, lokacin da yatsunsa ke jin maganarsa. Ɗaya kifi ya tsinke da ita. Ɗaya ta warware. Ta ƙarshen kuwa, ran nan da Mas'uda ta yi tambayarta, ta maƙale a saiwa cikin gurbi mai zurfi. Ya dawo da la'asar, bokitinsa na rawa a hannu ba nauyi. Ya jingina sandar ya shige ɗakinsa. Ranar Mas'uda cokali biyu na koko ta sha, ta amayar da ɗaya.

Washegari Lailatu ta hango shi ta kafar zana. Ya baje tsumma a cinya, ga ƙugiyoyi tsirara, ga gashin zabuwa, ga zare. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe masa yatsu tun farkon ɗari. Ya kama gashin, iska ta ɗauke. Ya kama zaren, ya zame. Da ya samu ya zagaya sau biyu sai hannun ya goce, ƙugiyar ta soke shi a babban yatsa. Ya tsotse jinin, ya sake farawa. Sau bakwai Lailatu ta ƙirga. Ta san ba zai nemi taimako ba, balle daga matar ɗansa. Ita kuwa ɗinkin hula take yi tun tana budurwa, kuma a unguwar ba wadda ta kai ta tsabtar allura.

Ta jawo 'yarta. "Je ki ce ma Kaka, in akwai ƙugiya da ta yi saura, ya aiko min in gani."

Mas'uda ko tashi ba ta yi ba. Daga cikin bargo ta ɗaga murya: "Kaka! Inna ta ce ka kawo ƙugiya, kai ba ka iya ba!"

"La ilaha! Yaushe na ce haka?"

Tsohon ya dubi yatsunsa. Can ya naɗe tsumman ya tura shi ta ƙarƙashin zana. "Amarya, ce ma uwarki a fara ɗaure zare daga wuyan ƙugiya, a gangaro, a aza gashi, a komo. Ce mata kar ta rufe idon ƙugiyar."

Haka aka yi karatun, surukai biyu taku biyar tsakaninsu, kowa na jin numfashin kowa, amma kowace magana sai ta bi ta bakin yarinya mai shekara huɗu, wadda ke ƙara mata gishiri yadda ta ga dama. Kafin azahar Lailatu ta ɗaura biyar. Ta zaɓi zaren siliki ja da kore daga cikin kayan hularta, ta jera zagayen ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya hau wani, ta sa almakashi ta daidaita gashin, dama da hagu kamar an auna da ma'auni. Ita kanta da ta ɗaga su a rana sai da ta ji daɗi.

Baba Sodangi ya juya su a tafin hannu. "Ce ma uwarki, Allah shi yi albarka. Wanga aiki a hular ango ya kamata a maƙala shi."

Ya tafi ƙorama, ya dawo ba komai. Ya ce iska ta yi yawa. Washegari ya sake tafiya, ya dawo ba komai, ya ce ruwa ya ƙara sanyi. Rana ta uku ya dawo da tarwaɗa guda ƙarama da ya roƙa wurin wani mai raga, Mas'uda ta shinshina ta ce wannan mai gemu ce, ba ta ci. Lailatu ta kama damtsen 'yarta tana mata wanka, babban yatsanta da manuni suka haɗu har da saura. Kwana shida suka rage Talata.

Ta daɗe tana juya maganar a ranta, don tambayar suruki abin da bai faɗa ba ba ƙaramin abu ba ne. Amma kunya ba ta cika cikin yaro.

"Tambayi Kaka," in ji ta, "laifin ruwa na ko na ƙugiya?"

Wannan karon Mas'uda ta faɗa daidai yadda aka ce. Tsohon ya amsa yana kallon awaki.

"Ce ma uwarki, in tana da wanki, gobe da hantsi mashigin gindin gawo na da ruwa mai kyau."

Ba ta da wankin kirki, amma ta tattara zannuwa uku, ta ɗauki tsumman ƙugiyoyi, ta goya Mas'uda ta lulluɓe ta da bargo. Ta sami wani dutse ƙasa da gurbin, inda kumfar sabulu ba za ta hau wurinsa ba, ta zauna. Daga nan tana ganin komai.

Ba ta taɓa ganinsa a bakin aiki ba. A gida tsoho ne mai tari da jan ƙafa. A nan kuwa, tun yana taku ashirin da ruwa ya cire takalma. Ya dubi inda rana take, ya zagaya ta ɗaya gefen don kada inuwarsa ta faɗa gurbin. Taku na ƙarshe a durƙushe ya yi su, gwiwa da hannu, kamar mai shiga gaisuwa wurin manya. Sannan ya zauna bayan wani kututture, bai jefa komai ba. Ya kai tsawon dahuwar shinkafa yana kallo kawai. Gawon da ke kansa kore shar yake, shi da ba ya yin ganye sai sauran itatuwa sun zubar da nasu, kuma furensa na ta tara ƙananan ƙwari.

Can ya ɗaga sandar a hankali, bai wurga ba, sai ya bar iska ta ɗauki zaren ta kai shi. Ƙugiyar ta sauka a kan ruwa ba ko ɗigo, ta bi ruwan tana gangarowa gefen saiwoyi. Yatsun da suka kasa riƙe zare, ga su sun riƙe gora ko motsi babu. Lailatu ta ga wata inuwa ta taso daga ƙasa, siririya, mai walƙiya. Kawara ce. Ta zo dab da jan silikin nan, ta tsaya, ta dube shi kamar mai taya kaya a kasuwa, ta juya ta koma. Haka ta biyu ta yi. Haka ta uku.

Sai wani ɗan ƙwaro ya faɗo daga gawon, kusa da inda Lailatu take, ruwa ya kawo shi gabanta. Ta sunkuya ta dube shi da kyau. Toka-toka ne, ba ja ba kore. Fiffike ɗaya ya manne a ruwa, ɗayan ya karkace sama. Ƙafafunsa a warwatse, jikinsa duk a hargitse, sanyi ya kashe masa jiki ko ƙoƙarin tashi ba ya yi. Abin ba kyan gani ko kaɗan. Bai yi zira'i biyu ba ruwa ya ɗan lotsa, ƙwaron ya ɓace.

Ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Kwana uku tsohon nan yana durƙuso a kan duwatsu masu sanyi da adon hula a bakin zarensa, ya gwammace ya ɗora wa iska laifi da ya ce aikinta bai yi ba.

Ta buɗe tsumman. Ta ajiye silikin gefe. Ta kama bakin tsohon zanen da ta zo wankewa, wanda ya koɗe har ba a gane launinsa, ta zaro zare guda. Kafin ta taɓa ƙugiya sai ta tuna man shafawa mai ƙamshi da take mulka wa hannu saboda kaushin ɗari, ta debi yashi ta goge hannuwan cikin ruwan sanyi har suka yi ja. Ta yage gashin zabuwar da farce, ba almakashi. Hannunta ya so ya daidaita, don shekara goma ya saba, ta hana shi. Ta bar gefe ɗaya ya fi tsawo, ta bar zagayen zaren ya hau juna, ta bar 'yan silli suna tsaye ta ko'ina. Da ta gama ta dube shi, da a hula ne da ta warware tun kafin wani ya gani.

Ta taka a hankali ta bayan itatuwa, ta ajiye shi a kan wani faffaɗan dutse kusa da takalmansa, ta koma wurinta. Baba Sodangi ya janyo jiki ya ɗauka. Ya kai shi kusa da ido, ya hura shi, ya juya.

"Amarya, ce ma..." Ya tsaya. Mas'uda ta yi barci a bayan uwarta, kai ya langaɓe. Tsohon ya duba hagu da dama, ba ɗan aike. Sai ya ɗaga kai ya dubi itacen da ke kansa.

"Gawo, kai ne shaida. Wanga ƙwaro na."

Lailatu ta tura bakin mayafi cikin baki don kada dariya ta fito.

Ɗaura ƙugiyar a zare ya ba shi wuya, sai da ya haɗa da sauran haƙoransa. Ya koma bayan kututturen, ya jira ruwan ya manta da shi, ya ba iska zaren. Saukar farko ba komai. Ta biyu, ƙugiyar na isa bakin saiwa ruwa ya lotsa. Bai fizga ba. Ya ɗan ɗaga wuyan hannu kawai, kamar mai amsa sallama daga nesa, sai bakin gorar ya lanƙwasa, farar kawara ta fito tana watsa ruwa a rana. Ya janye ta gefe da sauri, nesa da gurbin, don kada 'yan'uwanta su tsorata.

Kafin inuwar gawo ta rufe ruwan ya kama kawara huɗu da karfasa guda. Yana ganin rana ta bar gurbin ya naɗe zarensa, ko jifa ɗaya bai ƙara ba. Ya wuce gaba da bokiti, ita tana biye can baya da jiƙaƙƙun zannuwa.

A gida ta dafa su da albasa da 'yar daddawa da gishiri kaɗan. Ta zauna a haske ta murtsuke naman da yatsu, ta tsince ƙaya, ta sake bi ta tsince, don kawara ƙayarta kamar gashi take. Mas'uda ta sha romon, ta ci naman kifi biyu, ta ce a ajiye wa mijinta Kaka kan kifin tunda shi ya wahala. Washegari Lailatu ta jiƙa ɗan tuwon gero a cikin romon. Rana ta uku ta dama gyaɗa kaɗan ta zuba, yarinyar ta yamutsa fuska amma ta haɗiye. Rana ta huɗu iska ta tashi sosai, tsohon ya dawo da guda ɗaya tak, aka yi maneji. Kullum da safe Lailatu na ɗaura sababbi biyu, munana, ta tura su ta ƙarƙashin zana.

Ranar Talata Malama Maimunat ta zagaya tef ɗin, ta ja, ta sunkuya ta duba. Lailatu ta kasa kallo, ta zuba wa bango ido.

"Ba ta fita rawaya ba tukuna," in ji Malama. "Amma ta ba ja baya, ta kusa tsakiya. Ba inda za ku. Mi kike ba ta?"

"Kihi," in ji Mas'uda, tun uwarta ba ta buɗe baki ba. "Kuma ki sake min hannu, kin matse ni."

"Iye! Lallai an samu sauƙi. Ku dawo bayan mako biyu in ga kore."

A hanyar gida goyon ya ɗan fi nauyi a bayan Lailatu, ko kuwa ita ce ta ji haka. Ta tsaya gidan maƙwabta ta roƙi gashin zabuwar da suka yanka, don ɗari da sauransa, mako biyu kuma ba kwana biyu ba ne.

Ke kuma mai karanta wannan, idan kina da yaron da ya tashi daga ciwo ya ƙi abinci, kada ki saurari masu cewa a bar shi, yunwa za ta koya masa. Yaron da ciwo ya kwantar ba ya jin yunwa yadda ke kike ji, yana iya ramewa a gabanki yana wasa yana surutu, ke kina cewa ai da sauƙi. Goya shi ki kai a auna masa damtse tun yau. Abin da ya yarda ya haɗiye kuma, ko mene ne, ki bi shi har inda yake fitowa. Idan kika tsaya jiran ya nema da bakinsa, za ki makara.